Ƙarfen da Ke Maƙogwaron Winifred

Worthing, 11 ga Fabrairu, 1963

Zuwa ga Malam Cuthbert Raine,

Ina gaishe ka, da fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka in kana da su. Ni ƙalau nake, in ban da gwiwa da ba ta shiri da sanyin bana.

Ba lallai ka san ni ba. Ni ce Winifred Askew, 'yar marigayi Aldous Penrick, babban injiniyan kamfanin jirgin ƙasan da ka yi wa aiki. An ce kakata ta wajen uwa da taka ciki ɗaya suka fito. Ke nan akwai zumunci tsakaninmu, ko da yake mahaifiyata ba ta cika ɗaga zancen wannan ɓangaren ba.

Ga abin da ya sa na neme ka. Ka san kawunan jirgin fasinja ashirin da Baba ya zana a 1912, waɗanda aka raɗa wa sunayen 'ya'ya mata na manyan kamfani. An yayyanka sha tara an kai wa masu narkar da ƙarfe. Saura ɗaya, ta farkon, wadda ya sa wa sunana ina shekara shida. Wata ƙungiya ta masu son tsofaffin jirage ta karɓe ta, suna gyaranta a tsohon lokon Harbeck, wurin ajiye kawunan jirgi da gyaransu. A watan Satumba za ta ja fasinja ta hau tudun Skelder, cikar shekara hamsin da tafiyar da ta jawo wa Baba lambar yabo.

Ni aka ɗora wa rubuta ɗan littafin tarihinsu, kuma na kusa gamawa daga takardunsa: ƙafafun jan tarago da suka fi mutum tsayi, silinda huɗu a zamanin da kowa biyu yake sawa, doguwar tukunya siririya, koren fenti da jan ƙarfe a bakin bututun hayaƙi. Jaridun lokacin sun ce arewa ba ta taɓa ƙera mai kyanta ba. Sai dai shugaban ƙungiyar, Malam Gowland, ya nace sai an sa muryar wani daga cikin ma'aikata. Ni ban ga amfanin ba, don ban taɓa karanta littafi kan babban gini da aka nemi ra'ayin mai share shi ba. Amma ya ce kai kaɗai ka rage cikin waɗanda suka yi tafiyar 1913, kana zuba kwal mahaifinka yana tuƙi.

Layi goma sun isa. Kada ƙa'idar rubutu ta dame ka, zan gyara.

Winifred Askew


Harbeck, 20 ga Fabrairu, 1963

'Yar uwa Winifred, ranki ya daɗe,

Takardarki ta iso, mun gode da tunawa. Iyali ina da su. Matata Ada tana gaishe ki, ta ce ki riƙa ɗora kwalbar ruwan zafi a gwiwar. Ni ma lafiya, sai kunnen hagu da ya mutu da bayan da ba ya miƙewa, duka biyun tsarabar mahaifinki ce.

Na san ki sarai. Na gan ki a farar riga ranar da aka ɗaga ki kika ja ƙyallen da ya rufe sunan. Ina cikin waɗanda suka yi kwana biyu suna goge ta, da lokacin hoto ya yi aka ce mu koma bayan taragon kwal kada mu ɓata shi.

Layi goma kika ce. Ga su nan, ki gyara.

Kyau kam akwai. In tana tsaye a tasha babu kamarta. Mu a loko Gimbiyoyi muke ce musu: ci da yawa, aiki kaɗan, kuma kullum sai an goge su. Mahaifinki ya ba ta silinda huɗu, bakuna huɗu ke nan masu shan tururi, sannan ya yi mata murhu ɗan mitsitsi don kada babba ya ɓata mata ƙugu. Manyan ƙafafun nan da kike yabo na gudu ne a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, layinmu kuwa daga Harbeck har kan iyaka tudu ne bisa tudu. Ban sani ba ko ofishin zane yana da taga. Rumfar direba ya tsuke ta don ta yi kyau a takarda, in na juya da shebur sai gwiwar hannuna ta daki ƙarfe. Rufin ya ƙare daidai inda ruwan sama zai sauka a ƙeyar mutum. Hannun buɗe tururi kuwa sai an taru a kansa mutum biyu.

Sau ɗaya ya taɓa hawa tare da mu, da safar hannu, mil sha ɗaya a inda babu tudu. Da zai sauka ya ce da babana, “Ka gani, Raine? Kamar agogo.” Babana ya ce, “Ƙwarai, ranka ya daɗe. Irin wanda ke latti.” Mahaifinki bai yi dariya ba.

Duk ashirin ɗin na tuƙa. Yaƙi biyu na yi a kansu ina jan sojoji, na gan su suna tsufa, aka sauke su daga manyan jirage zuwa masu tsayawa a kowane ƙauye su ɗauki madara. Ranar da aka ja Constance, ta farkon zuwa yanka, sai da aka dafa shayi aka yanka kek a loko.

Tafiyar 1913 kuwa, ki bar ta inda take. Shawarar ɗan uwa ce.

Cuthbert Raine


Worthing, 4 ga Maris, 1963

Malam Raine,

Na gode wa matarka da shawarar kwalba, likitana yana kula da ni. Ina fatan bayanka ya yi sauƙi.

Abin da ka aiko ba zai shiga littafi ba, ka kuma san haka tun kana rubutawa. Bai ba ni mamaki ba. Baba ya sha faɗa a wajen cin abinci cewa injinansa ba su da aibi sai mutanen da ake ɗorawa a kansu. A takardunsa akwai rahoto har bakwai kan direbobin Harbeck: taurin kai, ƙin karanta umarni, da soya ƙwai a kan shebur ɗin kamfani. In har ta lalace kamar yadda kake faɗa, ta yaya ta ja tarago tara ta hau Skelder, ta isa kafin lokaci da minti sha ɗaya, ga 'yan jarida riƙe da agogo? Ko kai ka sauka ka tura ta?

Tunda kai ma'abocin gaskiya ne, ga wata. Na shawo kan Malam Gowland a mayar da ita daidai yadda Baba ya zana ta a 1912. Duk abin da aka liƙa mata daga baya za a cire, har da wani bututu da aka canza mata a ciki a 1923. Shi ma Baba ne ya zana shi, amma ba ya son zancensa, ya ce ya yi shi ne kawai don ya toshe bakin ragwaye. Malam Gowland ya yi 'yan gunaguni, na ce masa in ba haka ba babu takardu babu littafi. Ina so mutane su ga aikin mahaifina tsantsa, ba wanda ƙorafin 'yan loko ya gurɓata ba.

Wani abu kuma. Na lura sunan mahaifinka ya ɓace daga jerin direbobin manyan jirage a 1921, ba a faɗi dalili ba. Ina tsammanin kwalba ce, kamar yawancinsu. Kada ka damu, ba zan sa a littafi ba, saboda zumunci.

Har yanzu ina jiran layi goman, kan tafiyar kanta kawai.

Winifred Askew


Harbeck, 9 ga Maris, 1963

'Yar uwa,

Muna lafiya. Ada ta ce in bari sai na huce kafin in rubuta, ban bari ba.

Bari in gaya miki abin da kowa a Harbeck ya sani. Winifred ba ta taɓa tsinana komai a duniya ba sai an cusa mata ƙarfe a maƙogwaro, kuma na sha yin haka da hannuna.

Ga yadda abin yake. A gaban tukunya, ƙarƙashin bututun hayaƙi, akwai wani bututu da tururin da ya gama aiki ke fita ta cikinsa. Maƙogwaro muke ce masa. Fitar tururin nan ce ke jan iska ta cikin murhu, ita ke hura wuta. Mahaifinki ya yi shi da faɗi fiye da kima, don yana so ta riƙa numfashi a hankali, kada ta yi haki a gaban fasinja. To, wuta ba ta ci, tururi ba ya taruwa. Watannin farko a tsakiyar Skelder suke mutuwa ɗaya bayan ɗaya, rahoton nan naki bakwai kuma sun nuna miki kan wa aka ɗora laifi.

Babana, Septimus Raine, bai taɓa kurɓar giya ba har ya koma ga Allah. Shi ke wa'azi a ƙaramin cocinmu in fasto bai zo ba. Shi ya samo guntun rodi, ya yi mako uku yana cinsa da magagari a bayan gida, yana gwadawa yana sakewa. Da ya gitta shi a bakin maƙogwaron sai tururi ya rabu biyu ya ƙara kaifi, wuta ta tashi fara sol. Dokar kamfani ta hana irin wannan, wai yana ƙara cin kwal yana watsa tartsatsi a gonakin mutane. Gaskiya ne, yana yi. Amma jirgi na isa.

Ranar tafiyar 1913, da sassafe kafin manya su iso, babana ya buɗe ƙofar gaba ya sa ƙarfen, ni na ɗaure shi. Minti sha ɗayan da kike taƙama da su daga nan suka fito. Mahaifinki ya sami lambar yabo, babana ya sami gaisuwar hannu, ba a ma cire safar ba.

Kafin shekara ta zagayo kowane direba ya kwafi nasa. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru. A 1921 aka kawo sabon sufeto mai neman suna, ya buɗe ƙofar gaba ya samu. Aka ce sai an yi misali da wanda ya fara. Aka ƙwace ƙarfen, aka sauke babana daga jirgin fasinja zuwa jera taragun kwal a fili. Takardar tana nan a akwatina, A. Penrick ne a ƙasanta. Shekara sha ɗaya ya yi yana kai da komowa cikin rabin mil, waɗanda ya koya wa aiki suna wuce shi suna ɗaga masa hannu. Bai sake hawa mumbarin coci ba, ya ce wanda aka kama da karya doka ba ya yi wa mutane wa'azi.

Innata ta sa hularta ta zuwa coci ta tafi gidanku ta roƙi 'yar uwarta Clara, mahaifiyarki. Aka ce ta zaga ta ƙofar kicin. Ta zaga, ta zauna awa biyu, aka miƙo mata shayi a kofin 'yan aiki. Clara ba ta sauko ba.

Bayan shekara biyu sai ga sabon maƙogwaro daga ofishin zane, bakinsa a tsuke, da 'yan haƙora biyu a ciki masu raba tururi, da sunan mahaifinki a kai. Tun daga nan Gimbiyoyi suka fara isa kan lokaci ba tare da kowa ya karya doka ba. Shi ne bututun da kike so a cire.

Kada ku cire shi. In kuka mayar da ita yadda aka haife ta, ba za ta wuce Gadar Makiyaya ba, sulusin tudun ke nan. Ki nuna wa Gowland wannan takarda.

Cuthbert


Worthing, 13 ga Maris, 1963

Malam Raine,

Na karanta takardarka har zuwa inda ake cusa wa Winifred ƙarfe a maƙogwaro, na ninke ta a nan. Na san za ka ce jirgi kake nufi. Ni ba yarinya ba ce, na san habaici in na gan shi, kuma ba a taɓa yi mini irin wannan ba tun da nake. Ɗana Gerald ya ce a kai wa 'yan sanda, na ce a bari, tsufa ne ya haɗu da rashin tarbiyya.

Yau na gane dalilin da ya sa mahaifiyata ba ta ɗaga zancenku. Na shaida wa Malam Gowland cewa kanka ya fara rikicewa, ba za ka iya rubuta komai ba. Kada ka sake aiko mini da takarda.

W. Askew


Harbeck, 16 ga Satumba, 1963

'Yar uwa Winifred,

Da fatan kin koma gida lafiya, kuma zaman cikin tarago bai tayar miki da gwiwa ba. Mu ƙalau. Takardu biyu na aiko miki, a Afrilu da Yuni, suka dawo ba a buɗe ba. Shi ya sa na sa Ada ta rubuta adireshin wannan da hannunta.

Kada ki ce ban yi ƙoƙari ba. A watan Mayu na taka har loko. Na tarar da 'yan ƙungiyarku cikin kayan aiki masu karin guga, akawu da lauya da malamin makaranta, Gowland kuwa ashe likitan haƙori ne. Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya dafa kafaɗata ya ce Uwargida Askew ta gaya musu ba na jin daɗi, zane kuwa zane ne, wanda ya yi shi ya fi mu sani. Ya sa aka ba ni kujera da shayi. Na tambayi inda bututun 1923 yake, aka ce tun Afrilu ya bi motar tsohon ƙarfe.

To, ran Asabar mu shida muka hau Gadar Makiyaya, duk tsofaffin 'yan loko, da burodi da butar shayi. Enoch Fawcett, wanda ya yi shekara tara yana zuba mini kwal, shi ya riƙe agogo. Tun daga nesa muka jiyo ta, numfashi a hankali, mai ladabi. Enoch ya karkata kai ya saurara ya ce, “Wannan muryar 1912 ce. Ku zuba shayi, za mu daɗe.”

Fenti kam ya yi kyau, ku gaya wa wanda ya shafa. Ta taho tana rage gudu kamar mai tunanin wani abu, har muna iya ƙirga sandunan ƙafafunta. Ta ja numfashi uku, ta tsaya. Saura taku talatin ta kai gadar. Na ce miki ba za ta wuce ta ba, ashe ko isa ba za ta yi ba, ki yafe mini kuskuren.

Sauran kin fi ni sani. Magajin gari da sarƙarsa yana leƙe ta taga, masu badujala a saman tudu sun busa taken tarba har sau biyu babu wanda ya iso, tumaki sun zo sun tsaya suna kallo. Na ga wata mata da hula mai ruwan shuni a taragon farko, ta leƙo sau ɗaya ba ta sake ba. Gowland ya sauko yana zagaya injin yana taɓa nan yana taɓa can. Enoch ya leƙa ta kan gada ya ce masa, “Likita, ai kai ka cire mata haƙoran da take ci da su.” Minti hamsin kuka yi kafin akwatin dizal ɗin nan mai wari ya zo ya tura ku ta baya.

Na ɗauka zan ji daɗi. Shekara arba'in da biyu ina jiran mutane su ga aikin mahaifinki tsantsa, kamar yadda kika ce. Amma da na koma gida ban iya cin abinci ba. Ada ta ce, “Kai da ka ce rawa za ka yi a kan gadar?” Ba don ke ba ne, ba kuma don shi ba. Malamin makarantar nan ne, Pryce, wanda ya zuba kwal. Na gan shi zaune a bakin layi, tafin hannunsa duk ya sale, ya sa kai cikin gwiwa, yana tsammanin shi ne bai iya ba. Haka babana da abokansa suka riƙa zama a wurin nan.

Batun habaici kuwa, ba zan yi miki ƙarya ba. Jirgi nake nufi, amma na san yadda layin zai sauka, kuma na bar shi haka. Takardar Maris shafi uku ce. Ki karanta sauran.

Cuthbert


Worthing, 3 ga Nuwamba, 1963

Ɗan uwa Cuthbert,

Ina gaishe ka, ina gaida Ada. Na yi mako biyu a kwance bayan dawowata. Likita ya ce sanyi ne ya kama ni, ni na san ba shi ba ne.

Na karanta sauran. Ba zan ɓoye maka ba, na karanta ne don in kama ka da ƙarya. Na sa Gerald ya sauko da akwatunan Baba da ban taɓa buɗewa ba, waɗanda ba na ofis ba. Na yi kwana huɗu a kansu. A wani ƙaramin littafinsa na ƙarshen 1921 na sami shafi shida na awo da zane, an rubuta “ƙarfen R.” a saman kowanne. Shafi na bakwai shi ne zanen farko na bututun 1923. Ni ban san aikin injiniya ba, amma na iya karanta lamba, kuma lambobin ɗaya ne.

Da na ga zanen ƙarfen na gane shi. Da shi Baba yake tokare tagar ɗakin karatunsa. Bayan rasuwarsa na taho da shi nan cikin tarkace, shekara ashirin da bakwai ina tona wutar falo da shi. Na wanke shi da sabulu, a gindinsa akwai S da R, an karce su da ƙusa.

Akwai abin da ba ka sani ba. Ni na buɗe wa mahaifiyarka ƙofa. Ina shekara sha biyar. Mama tana saman bene, ta leƙo ta ce, “Ki ce ta zaga.” Na faɗa mata, kuma na faɗa da irin muryar Mama, har na ji daɗi da na iya kwaikwayonta. Na tuna hular, da ɗan fure a gefe. Ta ce mini, “To, 'yata,” ta juya. Ban san ko wace ce ba, ban kuma tambaya ba.

Kada ka ɗauka na zo in rusa mahaifina. Ba zan kira shi ɓarawo ba, ba kuma zan yarda ka kira shi ba. Shi ya zana tukunyar, da ƙafafun, da duk abin da ya yi shekara hamsin yana yawo a kan layi, guntun rodi kaɗai ba ya jan tarago. Amma ya san na wane ne, ya ajiye shi a gabansa kullum, ya bar mutumin a filin kwal. Wannan ban san inda zan ajiye shi ba.

Littafin an riga an buga, an raba, babu sunan mahaifinka a ciki. Ƙungiya za ta sake gwadawa ranar Litinin ta bikin Ista, kuma Malam Gowland yanzu ba ya musu da kowa. Na ce a ba ni minti biyar a tasha kafin a tashi. Zan faɗi abin da na gano da bakina, a gaban waɗanda suka zo.

Ƙarfen yana cikin ƙunshin da zai biyo wannan takarda. Naku ne. Ban ce ka sa shi a maƙogwaron jirgin ba, ba ni da bakin cewa.

'Yar uwarka,
Winifred


Harbeck, 2 ga Afrilu, 1964

'Yar uwa Winifred,

Da fatan kin isa lafiya. Mu ƙalau, sai bayana da ya tuna mini shekaruna tun ran Talata. Ban amsa takardarki ba duk tsawon hunturu. Na fara sau uku, babu wadda ta yi kama da abin da za a aika wa mutum.

Ƙunshin ya iso. Na san shi tun kafin in gama kwance takardar, akwai inda magagari ya zame wa babana ya bar tsagi. Wata huɗu yana kan tebur, Ada tana ɗaga shi in za ta shimfiɗa abinci tana mayarwa. Niyyata ba zan kai ba. Abin da ya ɗaga ni shi ne Pryce, ya zo har gida ya ce zai bar zuba kwal, ya gane ba shi da hannun aikin. Na ce masa ya jira ni a loko ran Asabar.

Wannan karon ba a ba ni kujera ba. Gowland da kansa ya buɗe ƙofar gaba, ya ɓata rigar gugarsa. Ƙarfen ya zauna a wurinsa kamar jiya aka cire shi. Na yi Asabar uku ina koya wa Pryce yadda ake ciyar da Gimbiya, kaɗan-kaɗan, a kai a kai, kusurwa huɗu sannan tsakiya. Yana da hannu, abin da aka ba shi ne ba shi da kirki.

Ta hau Skelder. Da muka zo Gadar Makiyaya tana haki kamar za ta tsage, Enoch yana sama yana kaɗa hula, tartsatsi ya kama ciyawa a wuri biyu. Mun isa da saurin minti shida. Da muka dawo tasha aka ce Gerald ya riga ya tafi da ke a mota. Da tukunya ta huce na cire ƙarfen na sa a aljihun kwat. Gowland ya ce yaya za su yi gaba. Na ce ya kawo maƙeri ya kwafa, amma a gidana, a kan teburina, kuma a rubuta a jikin sabon na wa aka kwafa.

Saura batun jawabinki. Ina tsaye a rumfar direba lokacin da kika hau akwatin da aka ajiye miki a tasha, riƙe da takardarki. Na ji farkon, inda kika ce akwai abin da littafi bai faɗa ba. Kina isa wurin sunan sai tururi ya yi mata yawa, murfin tsaro na saman tukunya ya ɗaga, ta kama ruri. Abin da ba ta taɓa yi ba a 1912 ko an roƙe ta. Minti biyu cur, mutane sun toshe kunne, yara suna kuka. Da na ce wa Pryce ya ƙara mata ruwan sanyi da ta yi shiru nan take. Shekara hamsin a kan jirgi, ban tuna ba sai da ta gama, ina can ina kallonki. Da ta yi shiru kina ninke takarda, aka yi tafi, ba wanda ya san me ya tafa wa. Jaridar Talata ta ce Uwargida Askew ta yi jawabi mai taɓa zuciya kan mahaifinta.

Mutum ɗari uku ba su ji ba. Ni kuwa shekarun da na yi cikin ƙarar inji sun koya mini karanta baki. Kin faɗi sunan duka, Septimus Raine. Da kika ga ba a ji ba, kika ɗaga kai daga takardar kika sake faɗa.

Ɗan uwanki,
Cuthbert